Shamuwa a Kan Eriyar Kawu

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu kama hanya. Ya cika da hantsi, a farkon daminar bana, a gidansa na Ƙanƙara, jim kaɗan bayan ya sha kunu ya yi ƙorafin an cika masa tsamiya. Ƙanen mahaifiyata ne. Ni malamin makaranta ne, na ƙare ƙuruciyata ina jan layi da jar biro a ƙarƙashin kurakuran 'ya'yan mutane. Don haka da aka ce wani ya rubuta wani abu kada a manta da shi, sai duk idanu suka juyo kaina, kamar yadda ake juyowa kan mai gemu idan liman ya makara.

Na zauna a gidajen makoki da dama, na san tsarinsu kamar jadawalin aji: sallama, addu'a, shafawa, shiru, sai wani ya yi tari. Na Kawu ya ƙi bin jadawali. Mutum zai iso da hawaye shaɓe-shaɓe, ya zauna, kafin ya gama goge fuska wani ya ce, "Kun tuna shekarar shamuwa?" Sai ka ji an ɓarke da dariya. Liman ya yi gyaran murya, a nutsu, a shafa. Can kuma sai a sake.

Wani tsoho daga Mabai ya iso da rediyonsa rataye a kafaɗa. Ya durƙusa ya yi mana gaisuwa, sannan ya ce, "Ni hwa ban taɓa ganin mutumen nan ba. Amma kullum da shi nake karin kumallo." Wasu dattawan Maguzawa daga bayan dutse suka zo su ma, suka tsaya a gefen tabarma da hulunansu a hannu. Babbansu ya ce Kawu ne ya nemo masa bijiminsa da ya ɓace, ta rediyo kawai, ba tare da ya taka ko nan da can ba. Wani direba ɗan Sabuwa da ya kawo kaya kasuwa ya ajiye motarsa ya shigo, ya yi addu'a mai kyau, sannan ya ɓata ta da gaskiya.

"Allah Ya jiƙan Injiniya. Amma a faɗi abin da ke akwai, tashar rediyon nan taku ba ta taɓa isa Sabuwa ba."

"Ta taɓa!" in ji Alhaji, ya ɗago da jajayen idanu. "Wata asuba an ji ta tar."

"Wa ya ji ta, Alhaji?"

"An dai ji ta."

Wannan Alhajin shi ne taubashin Kawu, kuma shugaban ƙungiyar manoman da ta mallaki ɗan gidan rediyon garinmu. Tun suna yara suke zagin juna bisa ƙa'ida. A ranar shi ya fi kowa kuka, shi ya fi kowa musu.

Amma duk wannan hayaniya a sama take. A ƙasa, idon kowa yana kan hanya. Kawu yana da yaya mace, wadda ta girmi mahaifiyata ma, mu muna ce mata Inna, shi yana ce mata Yaya. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana zaune a wani ƙauye bayan Mairuwa, inda wayar hannu ba ta kamawa sai an hau tudu an ɗaga ta sama kamar ana roƙon ruwa. Idonta ya yi rauni, ƙafarta ma haka. Liman ya ce za a fita da gawa bayan azahar. An tura ɗan aike a kan mashin, amma kowa ya san lissafin: ga laka, ga rafi ya kawo ruwa, ga halin da hanyar nan take ciki a shekarun nan. In ya je ya ɗauko ta, sai dai su tarar an dawo daga maƙabarta. Hanya ɗaya ce Inna za ta sadu da ƙanenta kafin a ɗauke shi: ta ji a rediyo, ta taso da kanta nan take. Mutanen 'Yargoje sun iso, sun ce sun ji sanarwa garau. Amma 'Yargoje a tsakiyar hanya take. Ƙauyen Inna kuwa shi ne bakin iyaka, inda muryar tasharmu ke isa tana haki.

Kafin in faɗi yadda aka ƙare, sai na faɗi wane ne mutumin, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru tsakanin Alhaji da injin tasharmu a safiyar nan ba.

Kawu ya yi aikinsa a wani babban gidan rediyo a birni, a ɗakin injin watsa shiri, inda ba a jin muryar kowa sai ta fanka. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ƙungiyar manoma ta sami izinin buɗe 'yar tasha. Aka ba su wani tsohon inji kyauta, wanda ya ga duniya kafin ya gan mu. Aka gina masa ɗaki a kan tudu a bayan gari, aka kafa dogon ƙarfe, aka ɗaura eriya a samansa, aka ja wata waya mai kaurin rake daga inji zuwa eriya. Ni nake karanta sanarwa bayan an tashi makaranta: ɗaurin aure, suna, cigiyar akuya, ranar rabon iri. Shi kuma yana kula da injin, kamar yadda wasu ke kula da doki.

A jikin wayar, kusa da inji, akwai wata mita mai allura biyu. Ita ce surukar Kawu, don ita yake fara gaisarwa da safe, da ladabi, kafin ya kalli kowa. Allura ɗaya tana nuna wutar da inji ya tura sama. Ɗayar tana nuna wadda eriya ta ƙi karɓa ta maido. Ta farko yana so ya gan ta a miƙe. Ta biyu yana so ya gan ta a kwance, tana barci. In ta ɗan ɗaga kai, ranar ba mai jin daɗinsa. Yana da wata ɗabi'a ta dafa wayar da bayan hannu, kamar uwa tana duba zazzaɓi. Har mutane yake yi wa haka. In ka zo masa da fushi, sai ya dafa maka goshi ya ce, "An maido maka da wata magana ke nan. Wa ka aika wa bai karɓa ba?"

Maganarsa da kowa ya haddace ita ce: "Wuta ba ta ɓacewa. Ko ta fita, ko ta dawo, ko ta zama zafi." Na taɓa gayyatarsa makarantarmu ya yi wa ɗalibai bayani. Bai taɓa allo ba. Ya sa aka kwance igiyar guga, ya ɗaure bakinta a gindin darbejiya, ya riƙe ɗaya bakin ya girgiza sau ɗaya. Wani tozo ya bi igiyar da gudu, ya doki itace, ya juyo ya daki hannunsa. Yara suka sa ihu kamar an ci ƙwallo. Ya ce, "Itace bai karɓa ba. To ina kuke so ta je? Gidan ubanta za ta koma." Na yi shekaru ina neman irin wannan ihun a ajina da karin magana da nahawu, ban samu ba.

Bai son magana a rediyo, sai jimla ɗaya. Kowace safiya, da ya kunna inji ya gaisa da allura, sai ya sunkuya kan makirfo ya ce, "Yaya ta Mairuwa, an tashi lahiya?" Shi ke nan, ya ba mai shiri wuri. Ya sha roƙonta ta dawo gari, ta ce ba ta barin kukar ƙofar gidanta don wani injin da ba ya ko niƙa. Saboda haka tunda ta ƙi zuwa, shi yake aika mata murya. Rabin ƙasar Faskari sun san gaisuwar nan. An ce akwai tsofaffin da ke amsawa, alhali ba da su ake ba.

Sai shekarar shamuwa.

Wata safiya a gaban damina muka wayi gari shamuwa da mijinta sun duba duk itatuwan Ƙanƙara, tsamiya da kuka da gawo, ba su ga wanda ya yi musu ba sai ƙarfen Kawu. Suka fara jido ƙirare suna jibgawa a kan eriyar. Gari ya ɗauki murna. Shamuwa ta sauka, ruwa ya kusa, kuma a kan tasharmu ta sauka! Mata suna leƙowa ta katanga, yara suna tsalle, Alhaji yana yawo yana karɓar barka kamar shi ya yi mata takardar gayyata.

Kawu kaɗai ke tsaye a gaban mita, ya rungume hannu. Tsuntsuwar ba ƙirare kawai take kawowa ba, har guntayen waya da tsummoki take tsintowa daga bola. Da ruwan farko ya sauka ya jiƙa sheƙar, allurar dawowa ta farka, ta miƙe zaune. Inji ya fara wari kamar an bar dutsen guga a kan riga. Kawu ya murɗa ya rage wuta. Da ya rage, murya ta janye. 'Yargoje suna ji da ƙyar. Mairuwa shiru.

Bayan 'yan kwanaki wani direba ya tsaya a ƙofar tasha ya leƙo. "Injiniya, Hajiyar Mairuwa ta ce in tambaya, wai mutuwa ka yi ba a gaya mata ba?"

Kawu ya yi dariya, amma ranar bai ci tuwon kirki ba.

Maganin a fili yake: wani ya hau ya ture sheƙar. Sai dai ba a haifi wanda zai yi haka a ƙasarmu ba, balle da ƙwai a ciki. Dattijon Maguzawan nan ya zo takanas ya ce duk wanda ya taɓa ta, hadari zai riƙa raba gonarsa yana wucewa. Aka tambayi Liman. Ya ce shi bai ga wannan a littafi ba, amma ya ga hanin cutar da uwa a kan 'ya'yanta, ko da tsuntsuwa ce. Ban taɓa ganin ɓangarorin biyu sun bi hanya daban sun sauka a zaure ɗaya da sauri haka ba. Alhaji kuwa, da yake gonakinsa na da yawa, ko kallon sheƙar ba ya yi da ido biyu. Shi dabararsa ɗaya ce.

"A ƙure wuta!" ya ce, ya shigo ɗakin inji babbar riga tana sharar ƙasa. "Kai bawa, an ba ka inji kana mashi rowa. Murɗa shi ya kai ƙarshe, ya ture tsuntsuwa da sheƙarta da murya, har Sabuwa a ji mu!"

"Zauna, bawana, in yi maka karatu da abin da ka fi ganewa. Tuwo."

"Ka ji ɗan banza."

"Hajiyarka ta tuƙa tuwo, ta zuba a kwano, ta ba yaro ya kai maƙwabta. Maƙwabta suka buɗe ƙofa rabi, suka ɗibi rabi, suka ce a mayar da saura. Ina sauran ya tahi?"

"Ya dawo gida mana."

"Duka?"

Alhaji ya ce, "To, ban da wanda yaron ya lasa a hanya."

"Madalla, ashe kana da kai. Wanda aka ci, da wanda ya dawo, da wanda yaro ya lasa, in ka haɗa, shi ne abin da aka zuba. Ko loma ba ta ɓace ba. Hajiya ita ce inji. Maƙwabta su ne eriya. Yaro shi ne wayar nan, lasarshi kuma ita ce zafi. Yanzu ƙofa ta kusa ruhewa, kai kuma ka ce a ƙara tuwo."

"In aka ƙara ai za su ɗibi da yawa."

"Za su ɗiba, kuma da yawa za ya dawo. Hajiya ta ce a mayar, yaro ya koma, a sake korowa. Shina kai da kawowa shina lasa, har cikinshi ya ɗuri wuta. Wanda ya rage kuma a kan Hajiya za ya ƙare. Ita ko tsohuwa ce, ba mu da wata."

"Hajiyata ba tsohuwa ba ce!"

"Injin nake nuhi. Kawo hannunka."

Ya ɗan ƙara wuta kaɗan, ya kama tafin Alhaji ya ɗora a kan wayar, ya ja shi a hankali. Nan ɗumi, gaba kaɗan sanyi, gaba kuma ɗumi, a jere kamar gaɓoɓin rake. Ya ce nan ne mai tafiya da mai dawowa suke cin karo, a wani wuri su taru, a wani su kashe juna. Alhaji ya fizge hannunsa yana dubawa.

"La ilaha illallahu! Wayar nan gaɓa gare ta?"

"Gardamarka ce ke yawo a ciki."

Ba su yi magana da juna ba har kwana biyu, abin da a tsakaninsu ya kai yaƙin basasa. A rana ta uku Kawu ya aika a kira mai walda. Ya ce tunda baƙuwa ta kama ɗakin sama, mai gida zai sauko ƙasa. Za a bar wa shamuwa tsohuwar eriya, a ƙera sabuwa, a ɗaura ta a wani hannun ƙarfe can ƙasa da sheƙar. Za a yi asarar tsawo, amma ƙofa za ta buɗu gaba ɗaya. Ya auna bututun jan ƙarfe da kansa, ya yi alama, ya ce a yanka nan, ba sama ba, ba ƙasa ba.

Ranar ɗaurawa ta zama biki ba tare da an gayyaci kowa ba. Masu ƙosai suka kafa kasko. Aka kashe inji, majiya ƙarfi suka hau, aka ja eriya da igiya, shamuwa tana leƙowa daga sama kamar uwar gida tana kallon 'yan haya. Aka sauko, aka kunna. Allurar dawowa ta yi tsalle ta miƙe tsaye, fiye da ta da.

Kawu ya kashe inji da sauri. Ya sa aka sauko da ita, ya ɗora ma'auni, ya ɗago ya dubi mai walda.

"Malam, me ka yi mata?"

Mai walda ya sosa ƙeya, yana murmushin wanda ke jiran godiya. "Ranka ya daɗe, gyara na yi maka. Aikin gari ne, kuma kai ne. Na ga bai kamata in yanka cif-cif kamar wani baƙo ba. Na ƙara maka ɗan yatsa uku kowane ɓangare."

Nan take wurin ya fashe. Alhaji ya zauna a ƙasa don dariya, rawani ya kwance. Duk wanda ya taɓa sayen tiyar gero a ƙasar nan ya san mai awo na kirki sai ya ƙara maka ɗan tafi a sama. Mutumin nan mutunci ya yi. Kawu ya rungume shi, hawayen dariya na zuba, ya ce, "Allah Ya yi maka albarka. Amma eriya ba hatsi ba ce. Ita abin da aka aiko mata take son ya zo daidai da jikinta, in ya saɓa ta maido. Kawo zarto."

Haka aka wuni. A yanke kaɗan, a hau, a sauko, a kunna, a duba. Ɗakin inji ba ya cin mutum biyar, don haka aka sa ni a taga ina shelar halin da allura ke ciki, kamar mai sharhin dambe. "Ta rusuna!" Jama'a su amsa, "Eeee!" "Ta durƙusa!" Masu jan igiya, da suka fara ƙunƙuni, suka dawo suna waƙa. Wajen la'asar sakaliya aka yi yankan ƙarshe, ɗan siriri kamar yankan farce. Kawu ya murɗa wuta a hankali. Allurar tafiya ta miƙe. Ɗayar ta motsa, ta yi kamar za ta tashi, ta fasa, ta kwanta.

"Ta yi barci!" na ƙwala, da muryar da ban san ina da ita ba.

Guɗa ta tashi daga bayan katanga, har shamuwa ta buɗe fuka-fuki. Kawu ya sunkuya kan makirfo. "Yaya ta Mairuwa, ban mutu ba. In kina ji na, ki aiko mani da daddawa."

Ranar kasuwa direban nan ya tsaya ya miƙo wani koren kwano ɗaure da tsumma. Warin ya riga shi shiga ɗakin. Ya ce, "Ta ce a gaya maka ka rage ihu, ba kurma ba ce." Kawu ya ɗaga kwanon sama ya zagaya tudun nan da shi, mutum mai furfura, yana rawa. Ya ce wa Alhaji, "Duk aikina, wannan ne kaɗai abin da ya dawo na yi murna da shi." Ba a mayar da kwano wayam, don haka ya cika shi da goro ya mayar. Ita kuma ta sake cikawa. Kwanon nan ya yi ta zirga-zirga tsakanin Ƙanƙara da Mairuwa shekara da shekaru, har direbobi suka daina tambayar na wane ne. A jikin abin murɗa wutar kuma Kawu ya ɗiga jan fenti, ya ce nan ne iyakar abin da tsohon injin zai ɗauka. Sabuwa dai ba a isa ba. Shamuwa kuwa kowace shekara tana dawowa ɗakinta.

Yanzu sai safiyar rasuwa. Da aka rufe masa ido, ni da Alhaji muka hau tudu. An yi ruwa da asuba. Na zauna gaban makirfo. Da na ɗago, sai na ga hannun Alhaji a kan abin murɗawa.

"Malam, yau ɗaya dai. Yau ɗaya mu ƙure shi. In ba ta ji ba hwa?"

Na fahimce shi sarai, don ni ma zuciyata can take. Amma ba mu san ko rediyon Inna a kunne yake a wannan lokacin ba. Tana iya kasancewa a bayan gida, ko wajen awaki. Ba ihu ɗaya muke bukata ba, kira muke bukata wanda za a yi ta yi har azahar. In injin ya ƙone a karatun farko, babu na biyu. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai na ga ba sai na faɗa ba. Ya saki abin murɗawar, ya juya bayan hannunsa ya dafa wayar, daidai yadda mai ita yake yi. Ya daɗe a haka. Sannan ya goge fuska da hannun riga.

"Bawan nan, ko ya mutu sai ya ci ni da gardama. Bar shi a kan jan hwentin. Karanta, Malam. Ka yi ta maimaitawa."

Na karanta. A ƙarshe na ƙara abin da babu shi a tsarin sanarwa: "Inna ta Mairuwa, ki taso yanzu, ana jiranki." Muka naɗi muryar, muka bar ta tana juyawa, muka sauko wurin jama'a.

Aka yi azahar. An yi wanka, an yi sutura. Liman ya dubi rana, ya dube mu. Alhaji ya ce alwalarsa ta karye. Ban taɓa ganin alwala mai tsawon wannan ba, kowane yatsa sai da aka bi shi da tarihi. Da ya gama, takalminsa ɗaya ya ɓace, kuma ina da yaƙinin a ƙarƙashin rigarsa yake. Liman ya san abin da ake ciki, ya sunkuyar da kai yana jan carbi a hankali. Daga ƙarshe ya miƙe ya ce, "Jama'a, haƙƙin mamaci ne a gaggauta." Aka tashi za a shiga ɗauko makara.

Sai tsohon Mabai ya ɗaga hannu. "Ku tsaya. Wa ya kunna rediyo?"

Ba wanda ya kunna. Daga can bakin hanya ake jin ta, sama-sama, tana matsowa. Muryata ce. "Inna ta Mairuwa, ki taso yanzu, ana jiranki." Na tsaya ina sauraron kaina ina tahowa daga yamma a kan akori-kura.

Motar ta sha kwana, laka har gilashi. A gaba, kusa da direba, ga Inna a ƙudundune cikin mayafi, rediyo a kunne a kan cinyarta, koren kwano a kan rediyon. Kabbara ta tashi kamar an ga wata. Wata mata ta fara guɗa, aka rufe mata baki da mayafi, ba don ba a yarda da ita ba. Alhaji ya ruga da takalmi ɗaya ya buɗe ƙofa.

"Hajiya, kin ji? Kin ji mu?"

"Tar, kamar a cikin ɗakina. Matsa mani, kai kuma, ka tsaya kana tambaya."

Aka riƙe ta aka shiga da ita. Mun ba ta wuri. Abin da ta faɗa masa nasu ne. Da ta fito ta ce, "Ku ɗauke shi, na sallame shi."

Ranar addu'ar uku ta ce a kai ta ɗakin injin da ya hana ƙanenta zama. Muka hau da ita a hankali, ni da Alhaji da Liman. An bar tasha a buɗe ranar, mutane suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa addu'a a makirfo. Ta ajiye kwanon daddawar a kan teburinsa, ta ce wannan karon ita ke da aikowa, ba ta fasawa. Ta laluba ta kama wayar, ta shafa ta sama da ƙasa.

"Ba zahi," ta ce. "Ita allurar da yake ba ni labari, ta dawowar, yaya take?"

Na duba. "A kwance take, Inna."

"Duk addu'ar nan da ake turawa, ba abin da ya dawo?"

"Babu."

Liman ya yi gyaran murya. "Hajiya, allura dai ba ta auna addu'a."

"Na sani, Malam. Ni dai na ji daɗi."

Allah Ya karɓe ka, Kawu, karɓar da babu maidowa a cikinta. Ya haskaka makwancinka, Ya sanyaya shi. Shamuwarka ta ƙyanƙyashe bana ma. Alhaji ne ke kunna inji da safe yanzu, a kan jan fenti, kuma shi ke sunkuyawa ya tambayi Mairuwa ko an tashi lafiya. Inna ta aiko a gaya masa ya rage ihu.